Hisabin lambobi: daga ina ya samo asali?

Wani ɗan'uwa mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya tare ni bayan sallar Juma'a, ya ce an yi masa hisabin sunansa da na yarinyar da yake nema, an ce taurarinsu ba su haɗu ba. Ga abin da ya tambaye ni, da amsar da na ba shi.

Malam, wa ya fara cewa lamba tana da sirri?

Wanda aka fi ambata shi ne Fisagoras, Bagirken da ya rayu kimanin shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Almajiransa a kudancin Italiya sun ɗauki lamba mara (wadda ba ta rabuwa biyu daidai) a matsayin namiji, cika (mai rabuwa biyu daidai) kuma mace, suna girmama 10 domin ita ce jimillar 1, 2, 3 da 4. Yahudawa ma suna ba haruffansu lamba. Kalmar "rai" a Ibrananci tana ba da 18, shi ya sa har yau suke son yin kyauta da 18 ko ninkinta.

To mu ta ina ya shigo mana?

Ta hanyar abajada. Larabawa sun jera haruffa 28 a kan abjad, hawwaz, huɗɗi, kalaman, kowane harafi da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3, har zuwa 1000. Da haka sunan Allah yake ba da 66, Muhammadu 92. Malaman Sakkwato sun yi amfani da wannan wajen ramzi, wato su rufe waƙa da kalmar da haruffanta ke nuna shekarar da aka rubuta ta. Wannan rubutun kwanan wata ne tsantsa, kuma yana burge ni ƙwarai.

Sai hatimi. Mafi shahara shi ne mai gida tara, wanda ko ta ina ka haɗa layinsa 15 za ka samu. Sinawa sun san shi tun da daɗewa. Ahmad al-Buni, mutumin Aljeriya na ƙarni na 13, shi aka fi dangantawa da haɗa hatimi da asirin haruffa. Namu ma ba a bar su a baya ba: Muhammad al-Katsinawi ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake tsara hatimi mai gidaje mara, ya rasu a Alƙahira a 1741. Masana tarihin lissafi suna ambatonsa har yau, amma yaranmu na Agege da Idi-Araba ba su taɓa jin sunansa ba. Wannan yana yi mini ciwo.

Ita 786 da nake gani a wasu shaguna fa?

Jimillar haruffan Bisimilla ce, Musulmin Indiya da Fakistan suka fi rubuta ta. Amma lura, ɗan'uwa, a nan amsar damuwarka take. Abajada iri biyu ce. A jerin Gabas harafin sin 60 ne, a jerin Magariba, wanda malamanmu na zaure suka gada, 300 ne. Ka lissafa Bisimilla da namu, 1026 za ka samu. Aya ɗaya, lamba biyu. Mutane ne suka zauna suka ba haruffa adadi, kuma ba su yi ittifaƙi ba. Idan akwai sin ko shin a sunanka, malamin Alƙahira da na Kano za su fitar maka da sakamako daban.

Yarabawan da muke zaune da su, su ma suna da irinsa?

Babalawo, wato mai dubansu, yana aiki da tsarin Ifa mai manyan alamomi 16 da suke kira odu, waɗanda idan aka haɗa su bibbiyu suke zama 256, kowanne da baitocinsa. Duba ne irin nasu, ya ɗan yi kama da bugun ƙasa mai gidaje 16. Masu fassara mafarki zuwa lamba a rumfunan caca kuwa, neman kuɗi ne kawai.

Ke nan in fasa auren ko in ci gaba?

Alƙur'ani ya faɗa a Suratun Namli, aya ta 65, cewa babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Allah. Ka yi istihara, ka tura magabatanka su binciki gidansu da halinta, ku je asibiti a gwada jininku saboda sikila. Da muka rabu ya ce zai kira kawunsa a daren nan.