Jinyar Masu Karaya da Tsarin Rabon Aiki a Ɗakin Kwanciya

Jinyar masu karaya reshe ne na aikin jinya da ya shafi kula da waɗanda suka ji ciwo a ƙashi, gaɓa, tsoka ko jijiyoyin da ke riƙe da su. Raunukan sun haɗa da karaya, tsagewar ƙashi, gocewar gaɓa, targaɗe da yagewar tsoka. Likita ne ke gyara ƙashin, ko da hannu ko a tiyata, amma awannin da ke biyo baya suna hannun nas. Da yawa daga cikin abin da ke raba mutum da ƙafarsa ko ransa bayan karaya yana ɓullowa ne a cikin kwana uku na farko, kuma ba ya zuwa da hayaniya. Ana gane shi ne idan wanda ya duba majinyacin yanzu ya san yadda yake awa guda da ta wuce. Shi ya sa ba a iya raba wannan jinya da yadda aka raba aiki a ɗakin, da kuma wanda ke shugabantarsa. A wannan maƙala za a riƙa cewa "ta" ga nas don sauƙi, ko da yake maza da mata duk suna aikin.

Tsare-tsaren rabon aiki

Mafi daɗewa shi ne a ɗora wa nas ɗaya dukkan hidimar majinyaci ɗaya ko 'yan kaɗan har ta tashi aiki: wanka, magani, awo, wankin ciwo, rubutu. Shi ake bi a ɗakin kulawa ta musamman. Ingancinsa babu tantama, sai dai yana cin ma'aikata.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙwararrun nas suka yi ƙaranci a asibitocin Amurka, aka koma raba aiki bisa nau'insa. Wannan ta raba magani ga kowa, waccan ta auna jini da zafin jiki, wata ta wanke ciwo. Aiki yana sauri, ana kuma iya sa masu ƙaramin horo. Aibinsa a ɗakin ƙashi babba ne. Mai raba magani ta san mutumin gado na shida ya nemi maganin ciwo sau uku, mai awo ta san bugun zuciyarsa ya ƙaru, mai gyaran gado ta ga yatsunsa sun kumbura, amma babu wadda ta haɗa ukun ta ga ƙafa ce ke mutuwa.

Tsarin ƙungiya ya zo a shekarun 1950, ana kuma danganta shi da Eleanor Lambertsen. Ƙwararriyar nas ɗaya ke jagorantar mataimaka biyu ko uku, su ɗauki wani sashe na gadaje. Yana dacewa da ɗakin ƙashi saboda juya mai karayar cinya ko ɗaga shi ba aikin mutum ɗaya ba ne. Rayuwarsa ta dogara ga ɗan gajeren zaman da ƙungiyar ke yi a farkon aiki da tsakiyarsa. In aka bar wannan zama, tsarin ya koma na rabon aiki bisa nau'i, suna kawai ya bambanta.

A 1969 Marie Manthey da abokan aikinta a asibitin Jami'ar Minesota suka fara wani tsari da ke bai wa kowane majinyaci nas ɗaya mai alhakinsa tun daga kwanciya har sallama. Ita ke tsara jinyarsa, in ba ta nan wasu su bi abin da ta rubuta. Daga baya aka ƙaro mai bibiyar majinyaci, wadda ke haɗa likitan ƙashi, mai gashin ƙashi da iyali, ta shirya komawa gida. Wannan ya fi amfani ga tsofaffi masu karayar ƙugu.

Yawan majinyata a hannun nas ɗaya ya fi sunan tsarin tasiri. Binciken da Linda Aiken ta jagoranta a asibitoci 168 na jihar Pensilbaniya, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas yana tafiya da ƙarin kusan kashi 7 cikin ɗari na yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata a cikin kwana 30. Jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1999 kan wannan adadi, ta fara aiki a 2004.

Aikin shugabar ɗaki

Shugabar ɗaki tana raba gadaje bisa nauyin ciwo, ba bisa lissafin kai ba. Saurayin da ya karye a ƙwauri jiya da dare ya fi mutum uku masu jiran sallama cin lokaci, don haka ba a bai wa sabuwar nas irinsa guda biyu, ba a kuma kwantar da shi a lungu nesa da teburin nas.

Wajen wakilta aiki ana duba abu biyar: aikin ya halatta a wakilta, halin majinyacin ya daidaita, wanda za a bai wa ya iya, umarnin ya fito fili, sannan a bi sawu. Mataimaki na iya juya majinyaci, ya yi masa wanka, ya auna zafin jiki. Duba jini da motsi da ji a gaɓar da ta karye, da yanke hukunci kan abin da aka gani, ba a wakilta su. Umarni irin "ka riƙa leƙa shi" ba umarni ba ne. Daidai shi ne a ce: "In ya ce ciwo ya ƙaru, ko yatsu sun yi sanyi, ka kira ni nan take, ko da ina wurin wani."

Miƙa aiki ya fi kyau a bakin gado, mai tashi da mai karɓa su taɓa yatsun tare, don kalmar "ɗan kumburi" ba ma'ana ɗaya take da ita a bakin mutum biyu ba. Wani nauyin da ke kan shugaba shi ne ƙaramar nas ta san tana da ikon tashin likita ƙarfe uku na dare, kuma in bai zo ba ta kira na sama da shi ba tare da tsoron faɗa ba.

Awannin farko

Ana fara da numfashi da zubar jini kafin ƙashi. Karayar cinya da ba ta huda fata ba tana iya ɓoye jini lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ta ƙashin ƙugu kuwa fiye da lita biyu. Saurin bugun zuciya da sanyin fata suna riga faɗuwar awon jini bayyana, musamman ga matasa. Ana tallafe gaɓar da abin da ya kama mahaɗar sama da ta ƙasa da karayar, a duba yatsu kafin ɗauri da bayansa, a cire zobe da awarwaro tun kumburi bai hana ba. Darajar tallafi ta fito a Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da ƙarfen ɗaurin cinya na Hugh Owen Thomas ya taimaka wajen sauko da mutuwar sojoji masu buɗaɗɗiyar karayar cinya daga kusan kashi 80 zuwa ƙasa da 20 cikin ɗari.

In ƙashi ya huda fata, ba a tura shi ciki. A rufe da tsaftataccen ƙyallen asibiti da aka jiƙa da ruwan gishiri na asibiti, a ba da allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa guda in zai yiwu, a duba rigakafin tetanus, a daina buɗe ciwon don kowa ya gani.

Targaɗe ba ya buƙatar yawa: hutu, ƙanƙara a naɗe cikin tawul minti 15 zuwa 20 duk bayan awa biyu ko uku a kwana biyun farko, bandeji mai ɗan matsi, da ɗaga gaɓar.

Matsewar tsoka a cikin tantaninta

Wannan ne haɗarin da ya fi gwada ɗakin ƙashi. Tsokokin hannu da ƙafa suna cikin ɗakuna da wani tantani mai tauri ya kewaye, wanda ba ya miƙewa. Tsakanin gwiwa da idon sawu akwai irin waɗannan ɗakuna huɗu. In jini ko kumburi ya taru a ciki, matsi ya hau, ƙananan hanyoyin jini su toshe, tsoka da jijiya su fara mutuwa. Bayan awa huɗu zuwa shida lalacewar ba ta komawa. An fi ganinsa a karayar ƙwauri da ta hannu tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, da gaɓar da aka danne, da ɗaurin da ya matse.

Alamar farko ciwo ne da ya wuce kima, mai ƙaruwa, wanda magani mai ƙarfi bai kwantar ba. In nas ta miƙar da yatsun majinyacin a hankali sai ya yi ihu. Sai jin kamar kiyashi na tafiya ko mutuwar fata. Kasa motsi da ɓacewar bugun jini suna zuwa a makare. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ji bugu a bayan ƙafa a ce lafiya lau, alhali babbar jijiyar jini na iya bugawa tsokar da ke kewaye da ita tana mutuwa. Na biyu, a ɗauki mai ciwon a matsayin mai raki, a ƙara masa magani a wuce. Yaro ƙarami ba ya iya bayani, alamarsa rashin natsuwa da yawan buƙatar magani. Wanda ya suma, ko aka kashe masa jijiya don tiyata, ba zai yi ƙorafi ba sam, sai an fi sa masa ido.

Ga mai haɗarin, ana dubawa duk awa a rana ta farko, sannan duk awa huɗu a ta biyu. Ana duba launi, ɗumi, bugu, ji da motsi, a kwatanta da ɗaya gaɓar, a danna farce a ga jini ya dawo cikin daƙiƙa biyu. In an yi zargi, a sanar da likita nan take, a tsaga siminti da audugar da ke ƙarƙashinsa har fata, a ajiye gaɓar daidai da zuciya. Ɗaga ta sama a wannan hali yana ƙara rage jinin da ke shiga. Maganinsa tiyata ce ta tsaga tantanin. In an makara, hannu na iya ƙanƙancewa yatsu su lanƙwashe har abada, yanayin da Richard von Volkmann ya bayyana a 1881.

Kitsen ɓargo da daskarar jini

Tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan karayar dogon ƙashi, kitsen ɓargo na iya shiga jini ya toshe huhu. Majinyaci ya fara haki, ya rikice, wani lokaci ƙananan jajayen ɗigo su fito a ƙirji, hamata da cikin fatar ido. Rikicewar saurayi mai karayar cinya ba a ɗaukarta gajiya, a auna iskar jininsa a sa masa oksijin. Daskarar jini a jijiyar ƙafa tana biyo doguwar kwanciya. Ana tare ta da allurar tsinka jini, motsa idon sawu akai-akai da tashi da wuri. Sha-raɓar da ta kumbura tana zafi ba a murza ta.

Siminti da jan ƙafa

Simintin ɗauri, wanda likitan sojan Holan Antonius Mathijsen ya fara zubawa a bandeji a 1851, yana ɗaukar awa 24 zuwa 72 kafin ya bushe sarai. Na zamani mai zaren gilashi yana tauri cikin kusan rabin awa. Ɗanyen siminti da tafin hannu ake ɗaukarsa, domin yatsa na barin lotsawa da za ta ci fata daga ciki. Ba a rufe shi da bargo, ba a cusa abu don susa. Wari, zafi a wuri ɗaya ko tabon ruwa suna nuna gyambo a ƙarƙashi.

A jan ƙafa, wato rataya wa ƙafar da ta karye nauyi da igiya don ƙashin ya tsaya daidai, nauyin ya kasance yana reto, bai taɓa ƙasa ko gado ba, igiya tana kan 'yar tayar da take juyawa a kai, majinyaci bai zame har tafinsa ya tokare ƙarshen gado ba. Jan da aka liƙa a fata ba ya wuce kilo biyu zuwa uku da rabi a yawancin lokuta. Wanda aka soka ƙarfe a ƙashi yana ɗaukar fiye da haka, kuma ba a sauke nauyinsa sai da umarnin likita. Ana duba bakin ƙarfen kullum saboda ruwa ko ja, a ɗaga dunduniya daga katifa, a sauya wuraren da jiki ya danne duk awa biyu don gudun gyambon kwanciya.

Tsoho mai karayar ƙugu

Idan saman ƙashin cinya ya karye a mahaɗar ƙugu, ana ganin ƙafar ta gajarce ta juya waje. Jinkirin tiyata yana ƙara mutuwa, shi ya sa a Birtaniya ake son a yi ta a ranar kwanciya ko washegari, a kuma tayar da majinyacin tsaye kwana guda bayan aiki. Ruɗewar hankali ta yawaita a nan, sau da yawa saboda ciwo, ƙishirwa, riƙewar fitsari ko cutar ƙirji, don haka ana neman sanadin kafin a ba da maganin barci. Wanda aka sauya wa mahaɗar ƙugu ta baya ana hana shi harɗe ƙafa, juya ta ciki, ko zama a kujera mai gajarta da za ta sa gwiwa ta fi ƙugu tsawo. Mai koyon sandar hamata kuwa ya ɗora nauyi a tafin hannu, ya bar tazarar yatsa biyu ko uku a ƙarƙashin hamata don kada jijiyar hannu ta danne. Wajen hawa matakala lafiyayyar ƙafa ce gaba, wajen sauka sanduna da mai ciwon.