Saƙon imel da ba a nema ba

Saƙon imel da ba a nema ba, wanda aka fi sani da spam, shi ne wanda ake tura wa ɗimbin mutane lokaci guda ba da yardarsu ba, galibi na talla ko na damfara. Ana danganta farkonsa da shekarar 1978, lokacin da Gary Thuerk na kamfanin kwamfuta na DEC a Amurka ya tura talla ga kusan mutum 400 a kan ARPANET, wadda daga cikinta intanet ta samo asali.

Babbar tambaya a nan ita ce: alhakin yana wuyan wa? Dokar CAN-SPAM ta Amurka, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2004, ta bar mai talla ya aika ko ba a ba shi izini ba, muddin ya sa adireshinsa na gaskiya, kuma ya daina aikawa cikin kwana 10 na aiki idan aka ce masa ya daina. Wannan sassauci ne da ya jibga wa mai karɓa wahalar. Kanada a 2014, da Tarayyar Turai, sun bi wata hanya: a nemi yarda tukuna.

Ɓarnar ta fi muni idan mugu ya ɗauki adireshin wani ya cusa shi a dubban wuraren rajista na shafukan intanet. Kafin a ce kwabo, akwatin bawan Allah ya cika maƙil da saƙonnin maraba cikin harsunan da bai taɓa ji ba, sanarwar banki cewa an cire masa kuɗi kuwa ta nutse a tsakiyarsu. Sau da yawa dama abin da ɓarawon yake so ke nan. A watan Agustan 2016 ƙungiyar Spamhaus mai yaƙi da spam ta ba da rahoton irin wannan hari a kan adireshin ma'aikatan gwamnatoci, ta kuma sa wasu kamfanonin aika saƙo cikin jerin waɗanda ake toshewa, domin ta ƙofarsu aka shigo.

Maganin yana hannun mai aikawa: ya tura saƙo ɗaya tak na tabbatarwa, kada ya ƙara sai mai adireshin ya amsa, ya kuma sa gwajin CAPTCHA, mai bambance mutum da na'ura, don toshe na'urorin rajistar bogi. Tun daga 2024, Gmail ya wajabta wa masu tura saƙo sama da 5,000 a rana su samar da hanyar fita daga jerin masu karɓar saƙonsu da dannawa ɗaya.