Bloom, blossom, flourish da thrive: bambancin ma'anarsu a Turanci

Bloom, blossom, flourish da thrive kalmomi ne na Turanci da ake yawan cakuɗa su, don duk suna zagaye ne da abu ɗaya, wato tsiro ko mutum ko kasuwa ya samu lafiya ya yi kyau. Mai koyon Turanci sau da yawa sai ya ji an fassara masa su duka da "bunƙasa" ko "yin fure", shi kenan ya ɗauka duk kanwar ja ce, alhali Bature ba ya musanya su haka kawai. Babban abin da ya raba su shi ne lokaci: biyun farko suna maganar ɗan lokacin da abu ya kai ƙarshen kyawunsa ne kuma zai wuce, biyun ƙarshe kuwa hali ne mai ɗorewa.

Asalinsu

Blossom ita ce 'yar gida, tana cikin tsohon Turanci tun kafin shekarar 1066 da siffar blostma. Bloom kuma baƙuwa ce daga harshen mutanen arewacin Turai da ake kira Vikings, waɗanda suka zauna a arewaci da gabashin Ingila tun ƙarni na 9, kuma an fara ganinta a rubuce wajen shekarar 1200. Flower da flourish sun shigo ne ta Faransanci bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, tushensu na Latin ne, flos wato fure da florere wato yin fure. In ka bi salsalar waɗannan huɗun can baya za ka ga kakansu ɗaya ne, hanya ce kawai kowacce ta biyo daban.

Thrive ce ba ta da dangantaka da fure ko kaɗan. Ita ma daga harshen Vikings ɗin ta fito, daga kalmar da ke nufin kama abu ka riƙe wa kanka, kuma daga gidansu thrift ta fito wato tattali da tanadi. Wannan asali har yau ana jin ƙamshinsa a jikinta.

Akwai wani abu da zai ba Bahaushe sha'awa a nan. Mu muna cewa fulawa ga garin alkama, muna kuma cewa fulawa ga shukar ado, to a Turancin ma flour da flower asali kalma ɗaya ce, don ana ɗaukar lallausan garin a matsayin "furen" alkama, wato mafi kyawun ɓangarenta. Ko a ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 rubutu ɗaya ya yi musu, sai daga baya bambancin rubutun ya zauna.

Yadda ake amfani da su

A maganar tsirrai, blossom ta fi tafiya da furen itatuwa masu 'ya'ya, irin su tuffa, lemo da ceri, kusan abin da muke nufi in mun ce mangwaro ya yi huda, fure ne da ake jiran ɗa a bayansa. Bloom kuma ta fi zama kan furen da ake shukawa don kallo, da kuma yanayin buɗewar kanta. Birnin Washinton na Amurka ya isa misali: a 1912 birnin Tokyo ya ba su kyautar itatuwan ceri sama da 3,000, furen nasu ana ce masa cherry blossom, amma ranar da kashi 70 cikin ɗari na furen ya buɗe, wadda take faɗowa ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ita hukuma ke kira peak bloom, jama'a su yi ta tururuwa zuwa kallo saboda sun san 'yan kwanaki kawai zai yi iska ko ruwa su kaɗe shi. Ka ga bishiya ɗaya, kalma biyu, kowacce da aikinta.

In aka juya su kan mutum bambancin na nan daram. Blossom tana son kalmar into a bayanta, tana nuna abu ya rikiɗa ya zama wani abu mafi girma, kamar yarinya mai kunya da ta zama gwanar muhawara a makaranta, ko abota da ta koma soyayya. Bloom kuma ƙyalli ne na lafiya da ƙuruciya a fuska, sai kuma late bloomer, wanda baiwarsa ba ta fito da wuri ba sai da aka kusa cire rai da shi. Amma fa ba kullum bloom ke nufin alheri ba. Algal bloom shi ne gansakuka ta yi yawa farat ɗaya ta rufe ruwa, irin wanda ya faru a tafkin Erie cikin Agustan 2014 har aka hana mutanen birnin Toledo na jihar Ohio shan ruwan famfo kusan kwana uku saboda guba. Ba mai cewa algal blossom.

Flourish ta baro gona tuntuni ta koma maganar birane, ilimi, fasaha da ciniki, bunƙasa ce da ake gani a fili, kamar a ce ilimi ya yi flourish a Timbuktu a ƙarni na 15 da na 16. Taken birnin Glasgow ma Let Glasgow Flourish ne. Masana tarihi in ba su san shekarar haihuwar mutum ko ta mutuwarsa ba sai su sa fl. gaban shekarun da ya yi tashe, gajartawar floruit ce ta Latin. In kuma a matsayin sunan abu aka yi amfani da ita, ba aikatau ba, flourish na nufin ado na burgewa, irin lanƙwasar da mutum ke yi a ƙarshen sa hannu. Akwai kuma wata makamanciyarta, prosper, amma ita ba ta da wahala, maganar kuɗi da arziki ce.

Thrive a ganina ita ce ta fi cancanta a tsaya a fahimce ta, don ita ce ba ruwanta da kyau ko ado. Ƙarfi take nufi, da girma, da samun abin da jiki ke buƙata, sau da yawa ma a wurin da wani zai gaza, kamar aduwa ko goruba da ke tsaye lafiya lau a ƙasa mai ƙarancin ruwa. Shi ya sa ake cewa mutum thrives on pressure, wato matsin da ke karya wasu shi ke ƙara masa kuzari. Ciyawa na iya thrive, ƙwayar cuta ma haka, har cin hanci. Bishiya na iya yin bloom a shekarar da take mutuwa, amma ba za a ce tana thrive ba, wata kuma tana thrive shekara da shekaru ba ta taɓa yin furen da zai ja ido ba.

Siffar thrive ta abin da ya wuce a da throve ce, yanzu thrived ta fi yawa a bakin mutane. A asibiti kuma likitocin yara na da lafazin failure to thrive, suna faɗinsa ne in an ɗora jariri a sikeli wata bayan wata nauyinsa bai hau yadda ya kamata ba, ko don nono ko abinci bai ishe shi ba, ko don wata cuta tana hana jikinsa amfana da abin da yake ci. Uwar da ta ga an rubuta haka a katin ɗanta, abin da ake nufi shi ne yaron na buƙatar a bincika shi a kuma duba cimarsa da wuri.