Waiwaye: Yadda Ruwan Kainji Ya Tafi da Tsibiran Yawuri da Kalmominsu

Tun da aka sanar a watan Nuwamban 2025 cewa an janye tsarin koyar da 'yan firamare da harshen uwa, wanda aka amince da shi a 2022, muhawara ta ƙi lafawa a Birnin Kebbi. Wasu na cewa Turanci zai haɗiye Hausa. Amma je ka Yawuri ko Zuru ka saurara, za ka ji tambayar ta sauya: harshen uwar wa ake nufi?

Kebbi ba ƙasar Hausa zalla ba ce. Akwai Dakarkari da Dukawa da Fakkawa da Kambari da Gungawa a kudu, ga Zabarmawa da Kyangawa ta wajen iyakar Nijar da Benin, ga kuma Fulani. Yadda Hausa ta shiga gidajensu sananne ne: fatauci, jihadin 1804, sannan Turawan mulki da suka riƙe ta harshen ofis da makaranta a Arewa. Coci ma da Hausa ta yi wa'azi. Ko manufar ilimi ta 1977 da ta ba da zaɓi tsakanin harshen uwa da na al'ummar da yaro yake ciki, a aikace Hausa ce ta shiga aji.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne shekarar 1968. A shekarar ce aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 100, aka tashi mutum sama da 40,000 daga matsugunansu. Cikinsu har da Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Bareshe. Sunan da Hausawa suka ba su ma daga gungu ne, wato tsibiri. Kafin nan ruwa ne katangarsu. Bahaushe kan zo da jirgi ya sayi kifi da albasa ya juya, yaron tsibiri kuwa ya wuni yana jin Gunganci a wajen kamun kifi, a lambu, a dandalin kokawa.

Da tsibirai suka nutse, sai aka zauna a sababbin ƙauyuka a kan tudu, kusa da hanyar mota da kasuwa. Tafkin ya janyo baƙin masunta, ciniki ya koma da Hausa, auratayya ta yawaita. Lambun albasar da aka gada ya shige ƙarƙashin ruwa, kuma kalmar da ba a aiki da ita ba ta daɗewa a baki. Babu wanda ya hana su harshensu. Wurin yin sa ne ya ƙuntata, har ya koma na tsofaffi idan za su yi maganar da ba sa son yara su ji.

Na taɓa zama a wani gida kusa da Yelwa, babban garin Yawuri, wata tsohuwa tana gyaran busasshen kifi. Ta aiki jikarta da Gunganci ta ɗauko mata faifai. Yarinyar ta gane sarai, ta kawo, amma da Hausa ta amsa: "Ga shi, Kaka." Tsohuwar ba ta ce komai ba, ta ci gaba da ɓare ƙaya. Uwar yarinyar ce ta ce mini ita ma ji kawai take yi, bakinta ba ya juyawa.

A Zuru lamarin da sauƙi. Dakarkari ba su bar ƙasarsu ba, ana bikin Uhola, golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukansa kafin aure, bai gushe ba, shi ya sa har yau za ka ji yaro a ƙauye yana C'Lela, wato Dakarci, ba gargada, ko da yake cikin gari Hausa na cin ƙarfinsa. Kyanganci da Shanganci kuwa sun kai gargara, ƙauyuka ƙalilan ne suka rage da su, alhali Shanga sunan ƙaramar hukuma ce guda.