Kalmar "frequency": amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Tambayoyin nan na amsa su sau ba adadi, wasu har sau uku ga mutum guda. Ga su nan wuri ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Me kalmar take nufi?

Yawan maimaituwar abu a cikin wani ƙayyadadden lokaci. A harkar rediyo da sadarwa, tana nufin sau nawa igiyar take kaɗawa a daƙiƙa ɗaya. Masu gyaran rediyo kan furta ta firikwensi.

Tashar da ke kan 105 ta fi ta kan 90 ƙarfi ke nan?

A'a. Wannan ce tambayar da ta fi ɓata mini rai, domin har wasu masu gabatar da shiri na ji suna faɗin haka. Lambar adireshi ce kawai, kamar lambar gida a kan titi, kuma gida mai lamba 105 bai zama lallai ya fi mai lamba 90 girma ba. Ƙarfin tasha da wat ko kilowat ake auna shi, ya kuma danganta da na'urar watsa shirinta da tsayin hasumiyar da aka ɗora eriyar. A daina haɗa biyun.

To mene ne MHz da kHz?

Ma'aunin ne. Kaɗawa ɗaya a daƙiƙa ita ce haz ɗaya, dubu kilohaz, miliyan megahaz, biliyan gigahaz. Sunan Heinrich Hertz aka sa masa, masanin kimiyya ɗan Jamus da ya tabbatar da samuwar igiyoyin rediyo a tsakanin 1887 da 1888. Tashar da ke kan 100 a FM, igiyarta na kaɗawa sau miliyan 100 kowace daƙiƙa.

Zango ba ita ce fassararta ba?

Kusa, amma ba daidai ba. Idan muka ce gajeren zango ko matsakaicin zango, tsawon igiyar muke nufi, shi ya sa ake cewa mita 19, mita 25, mita 31. Tsawo da yawan kaɗawa kuwa kamar sikeli suke, in wannan ya hau wancan ya sauka. Raba 300 da adadin megahaz, za ka sami mita: megahaz 12 shi ne mita 25, megahaz 100 mita 3 kacal. Ni dai a rubutu nakan ce yawan kaɗawar igiya, a baki kuma in ce lambar tasha, kowa ya gane.

FM fa?

Harafin F ɗin kalmar tamu ce. Hanya ce ta ɗora murya a kan igiya ta ɗan jujjuya yawan kaɗawarta. Edwin Armstrong na Amurka ya yi rajistar fasahar a 1933. A yawancin ƙasashe tana tsakanin megahaz 87.5 da 108.

Na saba jin tasha a gajeren zango, lambar tana nan daidai, amma ta ɓace. Rediyon ne ya lalace?

Kwantar da hankalinka, kada ka yi saurin jefar da shi. Mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau, amma ba zan yanke hukunci daga nesa ba, don abubuwa da dama na iya jawo haka, wani lokaci biyu ko uku a haɗe.

Fara da lokaci. Igiyar gajeren zango sama take tafiya, ta bugi wani ɓangaren sararin samaniya da hasken rana ke cika shi da lantarki, ta dawo ƙasa a nesa, shi ya sa ake jin tashar da ke wata nahiya. Wannan rufin yana sauyawa da fitowar rana da faɗuwarta. Galibi manyan lambobin megahaz, irin na mita 16 da 19, sun fi tafiya da rana, ƙananan lambobin megahaz irin na mita 41 da 49 sun fi kyau da dare. Na ce galibi, saboda sanyi da zafi na shekara suna taɓa shi, haka ma yanayin ita kanta rana, wanda ke hawa da sauka kusan duk shekara 11. Abin da ya yi maka aiki bara yana iya ƙin yi bana.

Sai ka duba watan da ake ciki. Manyan tashoshin duniya sukan sauya lambobinsu sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. In a lokacin ta ɓace, akwai alamar ƙaura ta yi, nemi sabon jadawalinta. Yana kuma yiwuwa ta daina watsawa a gajeren zangon gaba ɗaya, domin da yawa sun rage shi sun koma FM da intanet. Wannan kam babu gyaran da zai dawo da ita, kuma abin yana damuna, saboda akwai mutanen da wannan ce kaɗai kafarsu ta jin labarin duniya.

In ba ɗayan biyun ba ne, duba ɗakinka. Cajar waya, wasu ƙwayayen lantarki na zamani da talabijin suna fitar da hayaniyar da ke danne igiya mai rauni. Cire rediyon daga wuta, sa masa sabon batir, zare eriyar duka, ka fita fili. In ka kama wasu tashoshin a kan mitar da taka tashar take, rediyon ba shi da laifi. In ko'ina shiru ko shuuu kawai kake ji, dare da rana, to a nan ne zan ce a kai wa mai gyara, kuma ko shi ma ya fara duba eriyar da makunnin sauya zango kafin ya taɓa wani abu.

5G da 5 GHz na Wi-Fi abu ɗaya ne?

Ko kusa. G na farko tsara yake nufi, wato tsara ta biyar ta fasahar wayar salula. Na biyun gigahaz ne. Wi-Fi na amfani da 2.4 da 5: na 5 ya fi sauri in kana kusa, na 2.4 ya fi ratsa bango.

Wa ke raba lambobin?

Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai hedikwata a Janiba, ita ke tsara rabon tsakanin ƙasashe, kowace ƙasa kuma hukumarta ke ba da lasisi.

Zan iya haɗa 'yar na'ura in watsa a lambar da na ji babu kowa?

Kada ka soma. Shirun da ka ji bai nuna babu mai ita ba. Daga megahaz 108 zuwa 137 na jiragen sama ne, dab da ƙarshen FM, kuma na'urar da aka haɗa a gida takan zubar da igiya zuwa lambobin maƙwabta ba tare da mai ita ya sani ba. Matuƙin jirgi da hasumiyar filin jirgi a nan suke magana. In kana son buɗe tasha, nemi lasisi.