Waiwaye: Tsatsar da ke cin irin jini a cikin ɓargo

Wata maƙwabciyarmu a Makka, can wajen Shara Mansur, tana da yarinya 'yar shekara tara mai ciwon sikila. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa yarinyar, likitoci suka ɗora ta a kan ƙarin jini duk wata, suka haɗa mata da wani magani na kullum mai fitar da ƙarfe daga jiki. Ranar da na shiga duba su, na tarar da kwalin maganin a kan firji ko rabi ba a sha ba. A gefensa ga kwalabe uku na bitamin, an sayo su a saidaliyya, wato kantin magani, da kuɗi masu ciwo. Na ce, "Yaya, wannan fa?" Ta ce, "Ai wancan ɓata mata ciki yake yi, kuma ban ga abin da ya ƙara mata ba. Waɗannan kuwa an ce suna gyara ɓargo kafin lokacin dashe."

Ban ga laifinta ba, uwa ce. Sai dai kwalin da ta ajiye da kwalaben da ta ɗauka duk 'ya'yan labari guda ne, kuma labarin ya kai shekara 250.

A 1774 wani limamin coci a Ingila, Joseph Priestley, ya ware iskar da yau muke kira oksijin. Ya ga kyandir na ci da ƙarfi a cikinta, shi ya sa a 1775 ya rubuta cewa kamar yadda kyandirin ke saurin ƙarewa, mai yiwuwa mutum ma ya yi saurin cinye kwanansa idan ita zalla yake shaƙa. An daɗe ba a ɗauki maganar da nauyi ba, har sai da ta zo da hawaye. A shekarun 1940 zuwa farkon 1950 asibitocin Turai da Amurka sun riƙa cika wa bakwaini oksijin a kwalba don ceton ransu, dubban jarirai suka rayu amma suka makance, kafin a gane cewa yawan iskar ne ke lalata musu jijiyoyin ido. A 1954 wata masaniya 'yar Ajantina, Rebeca Gerschman, ta kawo bayanin da ya buɗe hanya: gubar oksijin da ƙunar hasken hoton ƙashi ta hanya ɗaya suke ɓarna, wato ta wasu ɓarɓashin sinadari marasa natsuwa masu afka wa duk abin da suka taɓa. Bayan shekara biyu Denham Harman ya ce su ne ma ke jawo tsufa. Masu shakka suna da yawa, sai a 1969 da Joe McCord da Irwin Fridovich suka tsamo wani sinadari daga jinin shanu, wanda ba shi da aiki sai kashe ɗaya daga cikin ɓarɓashin nan. Ba a ajiye mai gadi inda babu ɓarawo. A 1985 Helmut Sies na Jamus ya fayyace matsalar: rinjayen masu ƙuna a kan masu kashe ƙunar.

Kowa ya san abin a ido. Fasa goro ka ajiye, ba da jimawa ba ya rine. Bar adda a damina ta yi tsatsa. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai 'yan murahu da ake kira maitokondiriya, inda ake ƙona abinci da oksijin a sami ƙarfi, kuma murhu ba ya rasa tartsatsi, wato ɓarɓashin nan marasa natsuwa. Idan kaɗan ne, ƙwayar na kashe shi, har ma tana aika saƙo da shi. Idan ya yi yawa sai ya huda bangon ƙwayar, ya lalata sinadaranta, ya kai ga kundin gadonta na DNA.

Labarin irin jini kuwa ta wata hanya ya biyo. A 1961, a birnin Toronto na Kanada, James Till da Ernest McCulloch suka zuba ɓargo a jikin ɓerayen da aka ƙone musu nasu, sai suka ga 'yan ƙulalai sun fito a saifa. Daga baya suka tabbatar kowane ƙululu zuriyar ƙwaya ɗaya ce. Ita ce uwar ƙwayoyin jini, wadda zan kira iri, don matsayinta ɗaya da damin da manomi ke ɓoyewa a ƙuryar rumbu, ba a taɓa shi ko da yunwa ta yi tsanani. Ɓargon babban mutum na fitar da jajayen ƙwayoyi kusan miliyan 2 a kowace daƙiƙa, amma wani bincike na 2018 a Ingila ya ƙiyasta cewa uwayen da ke riƙe da wannan aiki ba su wuce 50,000 zuwa 200,000 ba. Jar ƙwaya idan ta lalace, kwana 120 ne iyakarta, wata ta maye. Iri idan ya lalace, duk abin da ya haifa da tabon zai fito, idan kuma ya mutu gurbinsa na da wuyar cika.

Shi ya sa aka ɓoye shi. Yawancin lokaci barci yake yi, bai cika rabuwa ba, kuma ba ya son hura murhunsa, ya fi dogara da wata hanyar narka sukari da ba ta buƙatar oksijin. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce. Da aka auna cikin ɓargon ɓera mai rai a Boston a 2014, an sami lungunan da abin ya sauka zuwa wajen kashi 1.3.

A 2004 hanyoyin biyu suka haɗu a Tokyo. Keisuke Ito da Toshio Suda suna nazarin ɓerayen da aka cire wa wata ƙwayar gado mai suna ATM. An haife su da jininsu daidai, amma da suka wuce mako 24 sai ɓargonsu ya fara gazawa. Da aka duba irin, an tarar tartsatsi ya cika shi. Aka ba wasu ɓerayen NAC, maganin nan da ake ba wanda ya sha farasitamol fiye da kima, wanda kuma ke kashe tartsatsi, sai ɓargonsu ya tsira. A 2006 suka nuna yadda abin ke tafiya, kuma a nan ne nake ganin darasin ya fi ban tausayi. Tartsatsin ba ya fara da kisa. Yana kunna wani makunni mai suna p38 ne, wanda ke tayar da iri daga barci ya tilasta masa rabuwa, yau da gobe, har ya gaji ya rasa ikon sabunta kansa. Manomi ne ya buɗe ƙuryar rumbu ya tuƙa tuwo da irinsa: tukunya ta cika bana, gona ta kwana baɗi. Wani irin kuma tsufa yake yi a tsaye, yana nan da rai amma ya daina haihuwa.

Sai idan ɓarnar ta kai ga DNA sosai ne hukunci ke sauka. Akwai wani sinadari, p53, mai duba kundin. Idan ya ga gyara zai yiwu sai ya tsayar da ƙwayar a gyara. Idan ya ga abin ya wuce gyara, sai ya ba da umarni a huda murhun, wani sinadari mai suna saitokurom ya zubo, shi kuma ya tayar da wasu masu aiki kamar almakashi su yayyanka ƙwayar daga ciki, maƙwabta su share wurin ba tare da kumburi ba. Masana uku a Aberdeen ne suka siffanta wannan mutuwa mai tsari a 1972, kuma Xiaodong Wang ya gano rawar saitokurom a 1996. Rahama ce, don irin da ya ci gaba da haihuwa da ɓataccen kundi shi ke iya zama sankarar jini. Amma kowace irin wannan mutuwa ragi ce a rumbun.

Ko iskar ɗaki ma ba ta bar shi ba. A 2015 ayarin Hal Broxmeyer a Indiana ya nuna cewa ɗebo ɓargo ko jinin cibiya a cikin iskar yau da kullum na sa irin ya zube cikin ɗan lokaci, yana rikiɗa ya bar matsayin uwa. Da suka yi aikin a akwati mai oksijin kashi 3, sun sami iri ninki-ba-ninki.

To ina ƙarfe ya shigo? Tun 1894 Henry Fenton ya lura cewa ƙarfe idan ya haɗu da ruwan haidirojin, wanda ake wanke rauni da shi yana kumfa, ƙarfin ƙunarsu na wuce misali. Jikinmu na samar da wannan ruwa kaɗan-kaɗan, don haka yake ɗaure ƙarfensa tamau a cikin wasu sinadarai. Leda ɗaya ta jini na ɗauke da ƙarfe miligiram 200 zuwa 250, jiki kuwa abin da yake zubarwa a rana bai wuce 1 zuwa 2 ba. Yaron da ake ƙara wa jini duk wata, ma'ajiyarsa cika take yi, ragowar ƙarfen ya riƙa yawo a sake, yana sauka a hanta da zuciya da ɓargo. A 2012 Scott Dixon da Brent Stockwell a jami'ar Columbia suka bayyana wata mutuwar dabam wadda ƙarfe ke jagoranta, inda kitsen bangon ƙwaya ke lalacewa kamar man da ya daɗe a buɗe har bangon ya fashe. A 2023 wani bincike a Boston ya nuna irin jinin ɗan Adam na da rauni na musamman a gaban wannan mutuwa. Mai sikila kuma dama ɓargonsa a wahale yake, don jajayen ƙwayoyinsa kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi, kullum ana fashewa, kullum ana kiran iri ya tashi.

Wannan ba zancen ɓeraye kaɗai ba ne. A 1990 likitocin Pesaro a Italiya suka fitar da sakamakon dashen ɓargo ga yara masu talasimiya, wata cutar jini ta gado da ke sa a riƙa yi wa yaro ƙarin jini. Waɗanda ƙarfe bai riga ya ɓata musu hanta ba, kashi 94 cikin 100 sun rayu. Waɗanda hantarsu ta kumbura ta yi tabo, kashi 61. A nan Saudiyya, inda sikila ta yi yawa a Ƙaɗif da Ahsa da Jazan, Asibitin Sarki Faisal na Riyad ya fara dashen ɓargo tun 1984, an wajabta gwajin jini kafin aure a 2004, kuma a Janairun 2024 hukumar magunguna ta amince da Casgevy, maganin da ake gyara ƙwayar gado da shi. Wannan sabon magani da irin mara lafiyar kansa ake yin sa, a ɗebo, a gyara, a mayar. Ke nan abin da ya rage a ɓargon yaro shi ne jarinsa.

Kwalaben bitamin fa? Maganar Harman na cikin abin da ya haɓaka kasuwarsu, da tunanin cewa tunda tartsatsi ke ɓarna, a yi ta shan abin da ke kashe shi. Gwaji bai gaskata ba. A 1994 aka fitar da sakamakon gwajin Finland a kan maza masu shan taba sama da 29,000, inda masu shan bita-karotin, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, suka fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100. A 2011 wani babban gwaji a Amurka ya nuna bitamin E ya ƙara sankarar furostet, ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da kashi 17. Jiki na buƙatar ɗan tartsatsinsa, fararen ƙwayoyi da shi suke kashe cuta, kuma NAC da ya ceci ɓerayen Tokyo an ba su ne don wata naƙasa takamaimai. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne da yawan magungunan da muke kira na ƙara jini ƙarfe ne a cikinsu, mu kuwa da mun ga yaro ya ɗashe su muke nema.

Na ɗauki kwalaben ɗaya bayan ɗaya na karanta bayansu, ta biyun akwai ƙarfe a ciki. Na ce, "Yaya, don Allah a dakata da wannan. Ranar ƙarin jini ki tafi da su duka ukun ki nuna wa likita, ki kuma gaya masa maganar ciwon cikin yadda kika gaya mini, kada ki ji nauyi. Maganin fitar da ƙarfe ba kala ɗaya ba ne, yana iya canja mata ko ya gyara adadin. Ki tambaye shi lambar feritin ɗinta, wato gwajin da ke nuna yawan ƙarfen da ya taru, ki riƙa rubutawa duk lokacin da aka auna." Ta yi shiru, sannan ta kira yarinyar ta ce ta miƙo mata jakar katin asibiti, ta zuba kwalaben a ciki tare da kwalin.