Tsofaffin Gidajen Wasan Kwaikwayo na Birnin Landan

Landan na cikin biranen Turai da suka fi daɗewa da gidajen wasan kwaikwayo na dindindin. Da yawa daga cikin manyan gidajen sun taɓa ƙonewa, shi ya sa ba a raba tarihinsu da tarihin gobara.

A shekarar 1576 James Burbage ya gina wani gida mai suna The Theatre a unguwar Shoreditch, bayan ganuwa, domin mahukuntan cikin birni ba sa ga maciji da 'yan wasa. Da rigima ta ɓarke tsakaninsu da mai fili, sai aka kwance katakan ginin a ƙarshen 1598, aka haye kogin Thames da su, aka tayar da gidan Globe a 1599. Marubucin wasan kwaikwayo William Shakespeare na cikin masu hannun jarinsa. Tsakar gidan a buɗe take ba rufi. Talaka kan biya kobo ɗaya ya yi kallo a tsaye gaban dandamali, masu hali kuwa su zauna a rumfunan da ke kewaye, ƙarƙashin jinkar ciyawa.

Jinkar nan ce ta jawo masa. Ranar 29 ga Yuni, 1613, ana cikin wasan Henry VIII aka harba igwa, tartsatsi ya faɗa kan ciyawa, gidan ya ƙone ƙurmus. Ba a rasa rai ba. Wata wasiƙa ta zamanin ta ambaci mutum guda da wandonsa ya kama wuta, aka kashe masa da kwalbar giya. An sake gina gidan a 1614 da rufin tayil, amma a 1642 majalisar dokoki ta rufe duk gidajen wasa.

Theatre Royal da ke Drury Lane an buɗe shi a 1663, ya ƙone a 1672. Ginin da aka kammala a 1794 har da labulen ƙarfe da tankunan ruwa aka sa masa don kariya, duk da haka wuta ta cinye shi a 1809. Wanda ke tsaye yau na 1812 ne. Gidan Covent Garden shi ma sau biyu yana ƙonewa, a 1808 da 1856. Sauƙi ya fara samuwa ne da gidan Savoy, wanda a 1881 ya haskaka zaurensa da lantarki maimakon fitilun iskar gas.

Globe na yanzu, ɗan wasan Amurka Sam Wanamaker ne ya yi shekaru yana fafutukar gina shi, sai dai ya rasu a 1993, shekara huɗu kafin a buɗe shi a 1997. An yi shi da katakon oak kusa da inda na asali yake, kuma shi ne ginin farko da aka yarje wa jinkar ciyawa a Landan tun babbar gobarar 1666, da bututun feshin ruwa a jere bisa rufin. Har gobe mutum ɗari bakwai kan yi kallo a tsaye a tsakar gidan, ko da ana ruwan sama.